B. F. Skinner, mutumin da ya binciko abin da ke ciyar da hali

Duk wanda ya ratsa kwalejin horon malamai a ƙasar nan ya ci karo da sunan Skinner a darasin ilmin nafsi. Galibi layi uku ake haddacewa saboda jarrabawa: Ba'amurke ne, ya sa ɓera a akwati, ɓeran ya danna ƙarfe abinci ya faɗo. Da an fito ɗakin jarrabawa sai a manta da shi, don mutum ba ya ganin abin da ya haɗa ɓeran Amurka da yaran da za su zuba masa ido a aji a Abu Na'ama ko Mai Wurno. Alhali tambayar da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a kanta ita ce wadda malami da uwa suke kwana da ita suna tashi da ita: me ya sa yaro yake komawa ga abin da aka hana shi, aka yi masa faɗa a kai, har ma aka doke shi? Amsar da ya kawo ita ce hali ba ya ɗorewa sai in yana samo wa mai shi wani abu. Bahaushe ya riga ya faɗa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da Skinner ya ƙara shi ne hanyar gano abin da ya kai zomon.

An haifi Burrhus Frederic Skinner ranar 20 ga Maris 1904 a Susquehanna, wani ƙaramin garin tashar jirgin ƙasa a jihar Pennsylvania. Mahaifinsa lauya ne. Su biyu ne a gidan, ƙanensa Edward kuwa ya rasu farat ɗaya yana ɗan shekara 16. Tun yana ƙarami yaro ne mai ƙere-ƙere. Shi da abokinsa sukan tsinko wasu ƙananan 'ya'yan itace su sayar gida-gida, sai ya haɗa wata dabara da ruwa wadda take ware nunannu da ɗanyu. Akwai kuma wata da ta fi nuna ko shi wane ne. Mahaifiyarsa ta dame shi da faɗa a kan barin kayan barcinsa a yashe. Sai ya ɗaura zare daga maratayar kayan zuwa wani ɗan allo a bakin ƙofa: muddin ba a rataye kayan ba, allon zai sauko ya tare masa hanya da tunatarwa, in an rataye su nauyinsu ya ja allon sama. Wato bai tsaya yi wa kansa wa'azi ba, ɗakin ya gyara. Haka ya ci gaba da tunani har tsufansa.

Burinsa na farko ya zama marubucin adabi. Ya karanta adabin Ingilishi a kwalejin Hamilton, ya gama a 1926, har shahararren mawaƙin nan Robert Frost ya karanta gajerun labaransa ya rubuto masa wasiƙar ƙarfafa gwiwa. Ya koma gidan iyayensa ya zauna shekara guda da alƙalami, bai fitar da abin kirki ba. Cikin wannan zaman kashe wando ne ya faɗa kan rubuce-rubucen Bertrand Russell, da John Watson, da littafin Ivan Pavlov na Rasha. A 1928, yana da shekara 24, ya shiga Jami'ar Harvard don karatun ilmin nafsi, ya samu digirin dakta a 1931.

A wancan lokacin hankalin masana ya fi karkata ga abin da ke zuwa kafin hali. Karen Pavlov ya saba jin wani sauti kafin abinci, har ya zama sautin kaɗai yana sa shi dalalar da miyau. Wannan ya yi bayanin miyau da firgita da bugun zuciya, amma bai yi bayanin abin da dabba take tashi ta aikata da kanta ba. Edward Thorndike ya taɓo gefen maganar tun 1898 da kyanwoyin da yake kullewa a akwati suna neman mafita. Skinner ne ya ɗauki wannan zaren ya ja shi har ƙarshe, ya mai da ido ga abin da ke biyo bayan hali.

Kayan aikinsa shi ya ƙera su da hannunsa. Akwati ne rufaffe da ɗan ƙarfen dannawa, da wurin da ƙwayar abinci ke faɗowa, sai wata na'ura mai alƙalami da takarda mai tafiya a hankali. Duk dannawa ɗaya alƙalamin ya ɗan hau sama. In ka duba layin za ka ga saurin halin da idonka, minti bayan minti. Manyan abubuwa biyu da ya gano kuwa, duka biyun haɗari ne ya kawo su.

Na farko, wata rana mazubin abincin ya maƙale ba ya nan. Da ya dawo sai ya tarar ɓeran ya ci gaba da dannawa ba abin da ke faɗowa, da farko da zafi-zafi, sannan yana raguwa yana dawowa, har ya daina. Halin da aka daina ciyarwa yana mutuwa, amma ba ya mutuwa nan take, kuma sau da yawa yakan ƙara tsanani kafin ya kwanta. Na biyu, shi da kansa yake murza ƙwayoyin abincin ɓerayen, aiki mai cin rai. Wata Asabar ya yi lissafi ya ga abin da ke hannunsa ba zai wuce safiyar Litinin ba. Don ya yi tattali sai ya saita na'urar ta riƙa ba da ƙwaya sau ɗaya a minti, komai yawan dannawar. Ɓerayen ba su karaya ba, suka ci gaba da aiki. Binciken da ya biyo baya ya nuna halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi wanda ake saka wa kullum taurin rai.

Ai wannan a gidajenmu yake. Yaro ya bi uwarsa kanti, ya ga alawa, ya sa kuka. Yau ta hana, gobe ta hana, jibi mutane sun yi yawa kunya ta kama ta, ta saya masa don ya yi shiru. A ganinta ta hana sau biyu ta ba da sau ɗaya, ai ta yi ƙoƙari. A wajen yaron kuwa darasin da ya ɗauka shi ne kuka yana biya, sai dai a dage. In ma sai da ya kai ga birgima a ƙasa sannan ta miƙa, to birgimar ta saya, gobe daga nan zai fara. Ranar da ta yanke shawarar ba za ta ƙara ba, kukan zai fi na kullum, kuma a daidai nan ne yawancinmu muke cewa dabarar ba ta yi ba, mu miƙa wuya. Skinner ya lura da irin wannan tsari aka gina injinan caca. Wanda ya ga yadda matashi yake jan allon waya da yatsa har tsakar dare yana jiran wani abu mai daɗi ya ɓullo, ya san zancen bai tsufa ba.

A 1936 ya auri Yvonne Blue, ya kama koyarwa a Jami'ar Minnesota, a 1938 kuma ya fitar da littafinsa na farko, The Behavior of Organisms. Da yaƙin duniya na biyu ya zo sai ya kawo wata shawara da ta yi kama da tatsuniya: a horar da tattabaru su riƙa saita makami mai linzami. Za a sa tattabaru uku a hancin makamin, su riƙa saran hoton abin hari a gilashi, saran yana juya akalar. Gwamnati ta ba da dala 25,000, tattabarun sun koyi aikin, amma manyan soja ba su iya ɗaukar abin da gaske ba, aka rufe shirin a 1944.

Ribar shirin ta fito ta wani gefe. A 1943, a saman benen wani kamfanin fulawa a Minneapolis inda suke aikin, shi da abokan aikinsa biyu suka so su koya wa tattabara ta buga ƙwallon katako da baki. Suka zauna jiran ta buga su ba ta hatsi, ta ƙi bugawa. Da suka gaji sai suka fara ba ta a kan duk abin da ya yi kusa: ta kalli ƙwallon, a ba ta, ta matso, a ba ta, ta taɓa, a ba ta, kowane karo ana ɗan ɗaga sharaɗin. Cikin 'yan mintoci ƙwallo ya fara dukan bangon akwati. Malamin da yake jiran sai yaro ya karanta shafi guda ba kuskure kafin ya ce masa madalla, zai daɗe yana jira. Wanda ya yaba harafin farko da aka furta daidai ya riga ya kama hanya.

Shahararsa ta zo da ƙura. Da aka haifi 'yarsa ta biyu, Deborah, a 1944, ya ƙera mata gado rufaffe mai gilashi wanda ake daidaita ɗuminsa, don kada a riƙa jibga mata barguna. Wata mujallar mata ta buga labarin a 1945, mutane suka haɗa gadon da akwatin ɓera, daga nan jita-jita ta tashi wai ya yi gwaji da 'yarsa, wai ta haukace, wai ta kashe kanta. Ƙarya ce tsagwaronta. Matar ta girma ta zama mai zane, a 2004 ma ta rubuta a jaridar Guardian ta Landan ta ƙaryata zancen da kanta.

Bayan shekara uku a Jami'ar Indiana ya koma Harvard a 1948, bai sake barinta ba. A shekarar ne ya buga wani ɗan gwaji mai ban dariya. Ya sa tattabaru takwas a akwatuna, abinci yana zuwa duk daƙiƙa 15 ko me tsuntsuwar take yi. Shida daga ciki suka ɗauki wata al'ada: wannan tana ta juyi ta hagu, waccan tana cusa kai a lungun sama. A fassararsa, abin da kowace ta dace tana yi sa'ad da abincin ya zo shi ta riƙe, kamar shi ya kawo shi. Ya kira abin camfi. Masu bincike na baya sun yi jayayya da wannan fassara, amma duk wanda ya ga ɗalibin da ba ya shiga jarrabawa sai da biron da ya ci ta bara zai yi murmushi.

A 1953 ya fitar da Science and Human Behavior, inda ya ɗauko abin da ya gani a dabbobi ya auna shi da mutane. Gundarin maganar abu uku ne da ake kallo tare: me ya faru kafin halin, mene ne halin kansa, me ya biyo baya. Ya ƙi yarda a bayyana hali da laƙabi. In an tambaye ka me ya sa yaro ba ya zama, ka ce don yana da ƙiriniya. Aka ce ta yaya ka san yana da ƙiriniya, ka ce don ba ya zama. To ka zagaya ne ka dawo inda ka tashi, ba ka riƙe abin da za ka gyara ba. Ya kuma nuna siffar hali ba ta faɗa maka aikin da yake yi. Yara biyu na iya yin ihu iri ɗaya, abin da ke ciyar da ihun kowannensu daban.

Ranar 11 ga Nuwamban wannan shekarar ya je makarantar Deborah ranar ziyarar iyaye, ya zauna a bayan aji ana darasin lissafi. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. An ba kowa aiki iri ɗaya. Masu kaifin kai sun gama suna zaman banza, masu rauni suna ta gumi, sannan aka tattara takardu, ba wanda zai san ya yi daidai ko kuskure sai washegari. Wanda ya san tattabara ba ta koyo in hatsin ya makara da 'yan daƙiƙoƙi, ga shi yana kallon 'yarsa tana jiran kwana guda. Cikin 'yan kwanaki ya ƙera injin koyarwa mai ba da tambaya ɗaya-ɗaya, yana nuna amsa nan take. Sidney Pressey ya riga shi yin irin wannan inji tun shekarun 1920, injinan kuma ba su yi tsawon rai a makarantu ba, sai da kwamfuta ta zo tunanin ya farfaɗo.

Ni dai duk sa'ad da na karanta wannan ɓangaren, makarantar allo nake tunawa, halwa kamar yadda muke cewa a nan. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ana yanka masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya biya a gaban malam a gyara masa nan take, ba ya wankewa sai ya riƙe. Rabin abin da Skinner ya nema da inji, kakanninmu sun yi shi da allo da tawada. Ɗaya rabin, wato a ajiye bulala, shi ne har yanzu muke ja da shi.

Skinner mutumin ɗakin gwaji ne. Waɗanda suka fita da tunaninsa zuwa asibiti da aji almajiransa ne da almajiran almajiransa. A 1959 Teodoro Ayllon da Jack Michael suka buga aikin da suka yi a wani asibitin masu taɓin hankali a Saskatchewan ta Kanada. Akwai wata majinyaciya da ta addabi ma'aikatan jinya da shiga ofishinsu, kullum sai sun tsaya sun yi mata magana sun rako ta waje. Da aka ce su daina kula ta in ta shigo, shigar ta ragu ƙwarai. Ashe rakiyar ce take ciyar da abin. A 1968 Charles Madsen da abokan aikinsa suka ƙirga a wani ajin firamare, suka ga da malamai suka ƙara yawan cewa yara su zauna, sai tashin ya ƙaru. Da suka koma yabon waɗanda ke zaune suna aiki, sai ya ragu. A wannan shekarar aka kafa mujallar fannin, aka kuma raɗa masa sunan da za mu iya fassarawa da nazarin ɗabi'a a aikace.

Gwaji mafi nauyi ya zo a kan yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke cutar da kansu, masu buga kai a bango ko cizon hannu. A 1977 Edward Carr ya kawo hujjar cewa wannan hali ba dalili ɗaya gare shi ba. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Baltimore suka gwada da yara tara. Kowane yaro ana sa shi a yanayi daban-daban na minti 15: wani lokaci in ya bugi kansa a kula shi da magana, wani lokaci ana ba shi aiki mai wuya in ya bugi kansa a janye aikin, wani lokaci shi kaɗai ba abin wasa, wani lokaci wasa kawai. A shida daga cikin taran, halin ya fi yawa a yanayi ɗaya takamaimai, kuma yanayin wannan ba shi ne na wancan ba. A 1994 suka tattara irin wannan gwaji a kan mutum 152: kusan kashi 38 cikin ɗari gudun wani abu ne yake ciyar da halin, kashi 26 neman kulawa ko wani abin hannu, kusan kashi 26 kuma jin da halin kansa yake bayarwa a jiki. Daga nan aka saba cewa ayyukan hali huɗu ne: a kula ni, a ƙyale ni, a ba ni, ko kuma abin da daɗi a jikina.

Wanda ya fi damuna a ajujuwanmu shi ne na biyu, kuma lissafin Iwata ma shi ya sa a gaba. Ɗanmu yana tashi da Hausa a gida, ya shiga makaranta ya tarar komai da Larabci. Akwai yaron da lafiya lau yake a darasin lissafi, amma da an buɗe littafin karatu an fara bi layi-layi, kafin a iso kansa sai ya tsunguli na kusa da shi ko ya ture benci. Ustaz ya fusata ya kore shi waje. A littafin ustaz an hukunta shi. A wajen yaron an cece shi ne daga tsayawa gaban aji yana in'ina ana yi wa harshensa dariya. Ko bulala biyu aka haɗa masa da ita, ciniki ya yi kyau, don zafin bulala minti biyar ne, dariyar 'yan aji kuwa har gida take raka mutum. Gobe zai sake, kuma da wuri.

A benci na gaba ga wani mai tsungulin iri ɗaya, amma shi ba ruwansa da wane darasi ake yi. Yakan yi ne duk sa'ad da ustaz ya daɗe bai dubi sashensa ba. A aji mai cunkoso yaro mai natsuwa na iya shafe mako ba a ambaci sunansa ba, mai fitina kuwa sau goma a yini. Wannan faɗan ne abincinsa. In ka kore shi waje inda ba kowa, wataƙila ya ragu. In ka tsaya kansa kana masifa, ka biya shi. Na farkon kuwa akasin haka ne. Magani ɗaya, ya warkar da wannan ya ƙara wa wancan ciwo, shi ya sa dokar da ake yankewa a ofis a ce duk wanda ya yi kaza a yi masa kaza take yawan ba mu kunya.

Gano bambancin ba ya bukatar na'ura. Littafin rubutu ne da haƙurin mako guda: duk sa'ad da abin ya faru a rubuta ƙarfe nawa, ana cikin me, me yaron ya yi, me ya samu ko me ya kuɓuce wa. In an gano, ba a tsayawa a toshe hanyar kawai, don bukatar tana nan. A 1985 Carr da Mark Durand suka nuna in an koya wa yaro hanyar neman abin da baki, ya ce aikin ya yi masa wuya a taimake shi, ko ya nemi a duba abin da ya yi, kuma aka amsa masa da gaske, mugun halin yakan faɗi. Mai gudun karatu sai a ba shi layinsa tun jiya ya shirya, a fara da gajere. Mai neman ido a ba shi tun bai nema da fitina ba, ko da goge allo ne.

Malami ma yana cikin akwatin. In aji ya kaure ya daka tsawa aka yi tsit, wannan shirun na minti biyu shi ne ladarsa, shi ya sa gobe zai sake dakawa ko da a ƙarshen zango hayaniyar ba ta ragu ba. Skinner ya ga wannan tarkon, kuma yana cikin dalilan da suka sa ya tsani horo da azaba. Tun a littafinsa na 1938 ya gwada sa ƙarfen ya riƙa marin ƙafar ɓera in ya danna. Dannawar ta lafa na ɗan lokaci, da aka daina marin ta dawo. Bincike na baya ya nuna hukunci na iya danne hali fiye da yadda ya zata, a nan ya ɗan yi azarɓaɓi. Amma abin da ya faɗa kan illolinsa ya tabbata: wanda ake duka yana koyon gudun mai dukan, da ɓoyewa, da ƙarya, bai kuma koyi abin da ake so ya yi ba. Wannan ba baƙon zance ba ne a wajenmu. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware fasali a Muƙaddima a kan cewa tsanani ga ɗalibai yana cutar da su, yana gadar musu da kasala da ƙarya da yaudara.

Inda Skinner ya yi nisa da mu shi ne da ya ce abin da ya gani a akwati ya isa ya bayyana ɗan Adam gaba ɗaya. A 1948 ya buga Walden Two, ƙagaggen labarin wata al'umma da aka tsara da dabarunsa. A 1957 ya fitar da Verbal Behavior a kan magana, Noam Chomsky ya yi masa raddi mai zafi a 1959, yana cewa lada ba ta bayyana yadda yaro ke ƙirƙiro jimlar da bai taɓa ji ba. A 1971 ya zo da Beyond Freedom and Dignity, inda ya ce zaɓin da mutum yake ji yana da shi ruɗi ne, gado da muhalli ne suke juya shi. Littafin ya kai shi bangon mujallar Time, ya kuma jawo masa zagi ta ko'ina. Shi mutum ne da ya bar addini tun yana saurayi. Musulmi kuwa ya san aiki da niyya ake auna shi, kuma ba a yi wa wanda ba shi da zaɓi hisabi. Akwai mai azumin nafila a ɓoye da ba wanda ya gani balle ya yaba.

Ɗan ƙasarmu Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a a 1932, wanda ya rasu a Maleshiya a 2021, ya raba gardamar yadda ta gamsar da ni. Shi kansa ya koyi jinya da dabarun gyaran ɗabi'a a Landan, ya yi aiki da su, amma a littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar da masana ilmin nafsi Musulmi suke ciki ya gargaɗe su kada su haɗiye falsafar tare da dabarar. Ana iya amfani da ma'aunin ɗan kasuwa ba tare da an bi aƙidarsa ba.

Dabarar kanta tana da iyaka. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, a tsakiyar 2024 ya iso Sinja, yara da yawa sun ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Yaron da ke faɗawa ƙarƙashin benci in ƙofa ta bugu ba neman kulawa yake yi ba, firgici ne, wannan ya fi kusa da karen Pavlov, kuma rabonsa lallashi da magani. Wanda bai karya ba, ko kunnensa ke ciwo, ko ba ya ganin allo, a fara da cikinsa da kunnensa da idonsa kafin a buɗe littafin lura. Fannin ma yana da tabonsa: a shekarun 1960 an yi amfani da mari da girgizar lantarki a kan yara masu lalurar da likitocinmu ke kira tawahhud, kuma wasu da suka girma da lalurar suna kukan an fi damuwa da su yi kama da kowa fiye da jin abin da ke damunsu. Yaron da ke kaɗa jiki don ya samu natsuwa, bai cutar da kansa ko wani ba, ban ga dalilin hana shi ba.

Ya ajiye koyarwa a 1974 amma bai ajiye alƙalami ba. Ya tsara tsufansa kamar yadda ya tsara ɗakinsa yana yaro: yakan tashi da asuba ya zauna a teburinsa a ɗakin ƙasa na gidansa, da agogon da ke ƙirga masa sa'o'in da ya yi yana rubutu. Da mantuwa ta fara kama shi, in ya ji an ce za a yi ruwa sai ya tashi nan take ya rataya lema a hannun ƙofa. A 1983 shi da Margaret Vaughan suka fitar da ɗan littafi na irin waɗannan dabaru don tsofaffi. Babbar 'yarsa, Julie Vargas, ta zama farfesar ilmin tarbiyya, ta shafe shekaru tana horar da malamai.

A 1989 aka gano yana da sankarar jini. Ranar 10 ga Agusta 1990 ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana ilmin nafsi ta Amurka a Boston, aka ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa, ya yi jawabi ba takarda a hannunsa, bai kuma sassauta wa masu sukarsa ba. Ya kammala gyaran maƙalar da ya ciro daga jawabin ranar 17 ga wata. Washegari, 18 ga Agusta 1990, ya mutu a Cambridge ta jihar Massachusetts yana da shekara 86.